TSAMO ILMI DAGA RUBUTU: YADDA NA'URA KE KOYON DALILI DA SAKAMAKO

Gabatarwa

Abin da zan yi magana a kansa yau wani reshe ne na ilmin da ake kira ƙirƙirarriyar basira, watau ƙoƙarin da masana ke yi na sa na'ura mai ƙwaƙwalwa ta yi irin ayyukan da a da sai mai hankali ke iya yi. Reshen kuwa shi ne yadda za a ba kwamfuta rubutu irin na yau da kullum, ta karanta, ta tsamo abin da ke jawo wani abu, da abin da ke ƙaruwa idan wani ya ragu. Manufata ita ce in nuna abu guda: mafi yawan sanin da ke kwance cikin fayilolin ofisoshinmu ba na lissafi ba ne, kuma na'ura tana iya taimaka mana wajen tattara shi, amma fa sai masu harshen sun zauna sun koya mata, sa'an nan sun bi bayanta suna dubawa.

1. Sani Iri Biyu

Sanin da ɗan Adam ke aiki da shi iri biyu ne. Akwai sani na adadi, kamar a ce buhun gero ya kai naira kaza, ko zafin jikin yaro ya kai awo kaza. Akwai kuma wanda zan kira sani na siffa, watau wanda ke faɗin alƙibla da dangantaka ba tare da ya ambaci lamba ba. Manomi ya san idan ruwa ya yi yawa gero yakan lalace. Direban tasi da ke bin titin Zariya ya san cunkoso a Gyaɗi-Gyaɗi yakan ƙaru lokacin tashi daga aiki. Uwar gida ta san idan ta ƙara itace tukunya za ta fi saurin tafasa. Babu ɗayansu da ya riƙe ma'auni, amma kowannensu yana yanke shawara daidai a kan abin da ya sani.

Idan ma'aikaci ya buɗe kowane fayil a ofishinsa, zai tarar shafin lissafi kaɗan ne, sauran duk bayani ne irin wannan: kwari sun yi ɓarna saboda jinkirin feshi, yara sun ragu a aji da damina, magudanar ruwa ta toshe sai unguwa ta cika. Kwamfuta kuwa tun asalinta gwanar lissafi ce. Shi ya sa shekara da shekaru take iya tara mana alƙaluma, amma wannan sani na biyu ya zauna a kan kanta yana shan ƙura, idan mai fayil ya yi ritaya sai ya tafi da abin da ya fahimta.

2. Asalin Wannan Bincike

A ƙarshen shekarun 1970 wani masani ɗan Ingila mai suna Patrick Hayes ya ja hankalin abokan aikinsa cewa kafin na'ura ta yi hankali, dole a rubuta mata sanin da kowane yaro yake da shi game da duniya, kamar cewa ruwa gangara yake bi, kuma abin da aka saki ƙasa yake faɗuwa. A 1984 Kenneth Forbus na Amurka ya fito da wani tsari na bayyana al'amura kamar tafasa, kwarara da ƙonewa ba tare da lamba ba. A wannan shekara Johan de Kleer da John Seely Brown suka buga nasu tsarin, sa'an nan a 1986 Benjamin Kuipers ya rubuta manhajar da ke hasashen yadda abu zai kasance ta wannan hanya.

Tushen dabarar mai sauƙi ne. Kowane abu mai hawa da sauka ana ba shi ɗaya daga cikin alamomi uku: yana ƙaruwa, yana raguwa, ko yana nan yadda yake. Ku ɗauki tankin ruwa da ke bisa rufin gida. Ruwan da ke shiga daga rijiyar burtsatse yana ɗaga shi, wanda ke fita ta famfo yana rage shi. Idan an kashe inji aka bar famfo a buɗe, na'ura za ta ce tanki zai sauka har ya ƙare, ko da ba ta san girman tankin ba. Amma idan inji yana aiki kuma famfo a buɗe yake, sai ta ce amsa uku ce mai yiwuwa, domin ba ta san wanda ya fi ƙarfi ba. Wannan ita ce iyakar sani na siffa, kuma ya kamata mu riƙe ta, domin za mu sake haɗuwa da ita.

Matsalar da ta taso ita ce, wa zai zauna ya rubuta wa na'ura dukan waɗannan dokoki? A 1984 Douglas Lenat ya fara wani gagarumin aiki mai suna Cyc a birnin Austin na jihar Texas, inda ma'aikata suka shafe shekaru da dama suna shigar da irin wannan sani da hannu, ɗaya bayan ɗaya. Ganin tsadar wannan hanya ya sa masana suka ce, tun da mutane sun riga sun rubuta abin da suka sani cikin littattafai da rahotanni, me zai hana a koya wa na'ura ta karanta da kanta?

3. Hanyoyi Uku na Karatun Na'ura

Hanya ta farko ita ce ta ƙa'ida. Masanin nahawu yakan rubuta wa na'ura sigogin jimla, ya ce duk inda ta ga siga kaza ta fitar da dangantaka kaza. A 1992 Marti Hearst ta nuna cewa da 'yan sigogi kaɗan ana iya tsamo dangantakar jinsi da irinsa daga tarin rubutu. Idan muka kwatanta da Hausa, jimlar da ta ce "hatsi, kamar gero da dawa" ta isa ta koya wa na'ura cewa gero nau'in hatsi ne. A 2004 Sven Kuehne, ɗalibin Forbus a Jami'ar Northwestern, ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan sarrafa jimlolin Ingilishi masu bayyana zafi da kwarara su koma tsarin da malaminsa ya shimfiɗa. Kyawun wannan hanya shi ne ana iya bin sawunta a ga inda ta kauce. Aibinta kuwa, da zarar marubuci ya sauya salo sai ta tsaya cik.

Hanya ta biyu ita ce ta koyo da misali. Ana ɗauko jimloli dubbai, mutane su yi musu alama da hannu, su ce nan dalili ne, nan sakamako, nan sunan wuri. Sai na'ura ta yi ta bita har ta gane kamannin da ke tsakaninsu, ta iya yi wa sabuwar jimla alama ita kaɗai.

Hanya ta uku ta samo asali ne daga wani tsari da masu bincike na kamfanin Google suka bayyana a 2017. A nan ana ba na'ura rubutu mai ɗimbin yawa, a ɓoye mata kalma a ce ta cinka, ta yi ta cinka har ta saba da yadda harshe ke tafiya. Daga wannan zuriya ChatGPT ya fito a watan Nuwamba na 2022. Domin a gwada ko irin waɗannan na'urori sun fahimci dangantakar ƙaruwa da raguwa, Cibiyar Allen da ke birnin Seattle ta shirya tarin tambayoyi 3,864 mai suna QuaRTz a 2019. Wannan hanya ta fi sauran sassauci, amma tana da wata illa babba: na'urar takan ƙaga abin da babu shi cikin takardar, ta faɗe shi da cikakken ƙarfin hali kamar ta gani da ido.

4. Misali Daga Gonar Tumatir

Bari mu ga yadda aikin ke tafiya a kan abin da muka sani. A 2016 wata tsutsa da masana ke kira Tuta absoluta ta afka wa gonakin tumatir a Kano da Kaduna da maƙwabtansu, har farashi ya yi tashin gwauron zabo a ƙasa baki ɗaya. Mu ɗauka, domin misali kawai, akwai takardu uku a ofisoshi uku. Malamin gona a Kadawa ya rubuta cewa idan zafi ya tsananta tsutsa takan yi saurin yaɗuwa. Wani jami'i ya rubuta cewa yaɗuwar tsutsa ta rage kwandunan da ake kaiwa Kwanar Gafan. Ma'aikacin ƙaramar hukuma kuma ya rubuta cewa duk sa'ad da kaya suka yi ƙaranci a Kwanar Gafan, farashi yakan hau a kasuwar Tarauni.

Mataki na farko, na'ura za ta ware sunayen wurare, ta gane Kadawa da Tarauni garuruwa ne ko unguwanni. Na biyu, za ta nemo abubuwa masu hawa da sauka: zafi, yawan tsutsa, yawan kaya, farashi. Na uku, za ta nemo alƙiblar kowanne daga kalmomi irin su tsananta, yaɗu, rage, ƙaranci, hau. Na huɗu, za ta ɗaura igiya tsakaninsu ta bin kalmomin haɗi irin su idan, duk sa'ad da, saboda, sakamakon. Na biyar, kuma shi ne mai riba, za ta haɗa takardun uku ta fitar da abin da babu wanda ya rubuta shi cikin mutanen uku: tsananin zafi a Kadawa yana iya zama tsadar miya a Tarauni. Mai tsara manufa da ya ga wannan sarƙa tun da wuri zai san inda zai tura maganin feshi kafin kuka ya iso birni.

Amma ku tuna da tankin nan. An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992. Ruwan da ake saki da rani shi ne ya raya noman Kadawa, amma tare ruwan damina ya rage ambaliyar da fadamun Haɗejiya da Nguru suka dogara da ita, gudanar ruwa ba yankewa kuma ya taimaka wa ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa. Idan na'ura ta karanta rahotannin wannan kogi, za ta sami igiya mai cewa madatsa ta ƙara abinci, da wata mai cewa ta rage shi. Amsar gaskiya ita ce ta ajiye su biyun a gaban mai karatu, ta nuna wace takarda ta faɗi wanne, kuma a wane wuri. Na'urar da ta zaɓi guda ta binne ɗayar ta yaudari mai aiki da ita.

5. Inda Hausa Ke Ba Na'ura Wuya

Yanzu sai mu dubi harshenmu. Wahala ta farko ita ce rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Kalmar "fari" tana iya zama launi, ko rashin ruwan sama, ko farkon abu. "Gari" yana iya zama birni ko niƙaƙƙen hatsi. Mai karatu Bahaushe yakan warware wannan daga jimla ba tare da ya ma lura ba, amma na'ura sai ta ga misalai masu yawa kafin ta iya.

Ta biyu, mu muke jawo ta da hannunmu, watau yar da ƙugiyar haruffa. Idan mai buga takarda ya rubuta "kara" alhali "ƙara" yake nufi, ya mai da kalmar da ta fi kowace muhimmanci a wannan fanni ta koma karan dawa. Haka "ƙasa" da "kasa", da "baƙi" da "baki".

Ta uku ita ce korewa. Hausa takan raba kalmar korewa gida biyu, ɗaya a gaba ɗaya a can ƙarshe. A jimlar "ƙarin takin bai sa amfanin gonar da aka shuka a makare ya ƙaru ba", na'urar da ta ga "ƙarin taki" da "ya ƙaru" ta yi gaggawa, za ta fitar da kishiyar abin da aka faɗa.

Ta huɗu ita ce yadda muke auna abu da baki. Muna cewa rumbu ya cika maƙil, rijiya ta ƙafe ƙaf, ruwa ya yi ɗumi-ɗumi, idonsa ya yi ja-ja. A nan ninka kalma ragewa yake yi, amsa-kama kuwa kai abu matuƙa take yi. Wannan ma'auni ne mai hawa-hawa, kuma dukiya ce ga mai neman sani na siffa, idan an koya wa na'ura matakansa. Haka kuma tsarin fi'ilin Hausa, wanda F. W. Parsons ya kasa aji bakwai a 1960, yana bambanta "an ƙara" da "ya ƙaru", da "an rage" da "ya ragu". Na farko yana nuna akwai hannun wani, na biyu yana faɗin abin da ya auku. Ga ma'aikacin da ke binciken dalilin tsadar kaya, tsakanin "an ƙara farashi" da "farashi ya ƙaru" akwai tafiya mai nisa.

Ta biyar ita ce adon magana. Idan Bahaushe ya ce ruwa ba ya tsami banza, ba maganar ruwa yake yi ba. Idan ya ce kasuwa ta ci, ba abinci aka ba ta ba.

Wannan ba wasan nahawu ba ne kawai. Nan cikin ƙaramar hukumar Tarauni, a kan titin Zariya, ga Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988. Kusan duk abin da majinyaci ke gaya wa likita sani ne na siffa: ciwon ya fi tsanani da dare, yana sauƙi idan na ci abinci, kumburin yana ƙaruwa. Idan wata rana aka ɗora wa na'ura tattara irin wannan bayani a kowane asibiti na ƙasar Hausa, dole ta san "shawara" a bakin mara lafiya cuta ce mai sa ido ya yi ɗorawa, kuma "sanyi" ba kullum yake nufin hunturu ba. Haka abin yake a kotunan da ke Gyaɗi-Gyaɗi, inda shaida ke faɗin wanda ya fara da wanda ya rama. Kuskuren alƙibla guda a irin waɗannan wurare yana iya taɓa lafiyar mutum ko 'yancinsa.

6. Abin da Aka Riga Aka Yi

Ba daga fili muke farawa ba. Muna da ƙamusun Bargery na 1934, da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, da babban littafin nahawu na Paul Newman na 2000. Google ya sa Hausa cikin manhajarsa ta fassara a watan Disamba na 2013. A 2021 ƙungiyar Masakhane, ta masu bincike 'yan Afirka, ta fitar da MasakhaNER, watau tarin rubutu na harsuna 10 har da Hausa, wanda aka yi wa alamar sunayen mutane, wurare, ƙungiyoyi da ranaku. Wannan shi ne matakin farko da na ambata a misalin tumatir. A wannan shekara kuma masu bincike a Jami'ar Waterloo ta Kanada suka horar da na'ura mai suna AfriBERTa da harsunan Afirka 11, suka nuna cewa ko da rubutu kaɗan ana iya samun sakamako mai kyau.

Abin alfahari gare mu a Kano shi ne aikin NaijaSenti na 2022, wanda Shamsuddeen Hassan Muhammad, da ya koyar a Jami'ar Bayero, ya jagoranta tare da abokan aikinsa. Sun tattara saƙonnin Twitter wajen 30,000 a kowane ɗaya daga harsuna huɗu, Hausa da Ibo da Yarbanci da Turancin buroka, masu jin harshen suka karanta suka rarrabe yabo da kushe da tsaka-tsaki. A 2023 aka faɗaɗa aikin zuwa harsunan Afirka 14 da sunan AfriSenti. Darasin da ke cikin wannan aiki shi ne, kafin na'ura ta gane ko jimla guda, sai da 'yan Adam suka zauna suka karanta dubbai. Sunaye da ra'ayi kuwa somin taɓi ne. Alamar dalili da sakamako, da ta ƙaruwa da raguwa, ta fi su wuya, kuma nan ne filin da ke jiran ɗalibanmu.

7. Aikin da Ke Gabanmu

Ga ɗalibai, ina ba da shawara ɗan sashen Hausa da ɗan sashen kwamfuta su daina wuce juna a hanya. Na farko ya san harshe, na biyu ya san na'ura, kuma kundin digiri guda da zai yi wa jimloli 'yan dubbai alamar dalili da sakamako zai amfani masu zuwa shekaru da yawa. Rubutun da za a yi aiki da shi yana nan, tun daga tsofaffin kofen Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Zariya a 1939, har zuwa takardun ajami da ke hannun malamai.

Ga ma'aikata kuwa, abubuwa huɗu nake roƙo. Na ɗaya, a rubuta rahoto da ƙugiya da kwanan wata da sunan wuri. Na biyu, a bambanta abin da aka gani da abin da aka ji da abin da ake zato, domin na'ura ba ta san jita-jita ba, duk abin da aka rubuta gaskiya take ɗaukarsa. Na uku, kada a karɓi wata dangantaka daga na'ura sai ta nuna jimlar da ta tsamo ta da takardar da jimlar take. Na huɗu, a kiyaye sirrin jama'a. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora nauyi a kan duk mai riƙe da bayanan mutane, saboda haka fayil ɗin majinyaci ko na ma'aikaci ba abin da za a zuba cikin kowace manhaja ta intanet ba ne.

Kammalawa

A taƙaice, jama'a, na'ura tana iya karanta cikin awa guda abin da magatakarda zai shekara bai gama ba, kuma tana iya haɗa abin da ofisoshi dabam-dabam suka sani ba tare da sun san sun sani ba. Amma abin da aka rubuta kaɗai take gani, kuma yadda aka koya mata take fahimta. Idan Hausawa ba su koya mata Hausa ba, za ta koya daga gurguwar fassara, ta dawo mana da ita a matsayin ilmi, mu kuwa mu yi ta sa hannu a kai. Hukunci a kan gona, ko asibiti, ko kotu, nauyi ne na mutum, kuma a wuyan wanda ya sa hannu zai ci gaba da zama.